Bututun hukumar ruwa ya fashe ya ɓata mini kaya, wa zai biya?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Babban bututun hukumar ruwa da ya bi ta bakin layinmu ya daɗe yana yoyo. Mun je ofishinsu tare da mai unguwa mun faɗa, ba wanda ya zo. Daga baya ya fashe cikin dare, ruwa ya shiga shagona ya jiƙa buhunan masara da siminti, katangar baya ta zube. Shari'a ta ɗora musu biya? In sun ƙi, zan iya daina biyan kuɗin ruwa har in fanshe asarata?

AMSA: Wa'alaikumus salam wa rahmatullah. Allah Ya mayar maka da alheri. In dai al'amarin kamar yadda ka faɗa yake, biyan wannan ɓarna yana kan hukumar.

Asali shi ne hadisin da Imam Malik ya kawo a Muwaɗɗa: "Babu cuta, babu cutarwa." Sai dai malamai sun bambanta wanda ya lalata abu da hannunsa da wanda ya zama sanadi. Na farko zai biya ko da kuskure ne. Na biyu ba ya biya sai in ya ƙetare iyaka ko ya yi sakaci. Hukumar ruwa tana cikin na biyu, domin shimfiɗa bututu a hanya aiki ne da aka yi mata izini. Da bututun lafiyayye ne, ambaliya ta kware shi farat ɗaya, ko wata motar aikin hanya ta fasa shi, da ba a ɗora mata komai ba. In motar ce ta fasa shi ma, mai aikin hanyar za ka bi.

Abin da ya sauya hukuncin shi ne sanarwar da kuka yi. Shehu Halil a Mukhtasar ya lazimta lamuni, wato biyan ɓarna, a kan mai katangar da ta karkata, aka gargaɗe shi, yana da halin gyarawa bai gyara ba, har ta faɗa wa wani. Bututu mai yoyo da aka kai rahotonsa, aka bar shi har ya fashe, ƙiyasinsa kenan. Kuma kasancewar hukumar ta gwamnati ce bai sauke haƙƙin ba, daga asusunta za a biya.

Yadda ake biya kuwa, Risala ta yanke: abin da ake aunawa ko ake ɗorawa a sikeli ana rama kwatankwacinsa, sauran kaya a biya kimarsu. Saboda haka masara buhu da buhu, siminti ma haka, tunda simintin da ya sha ruwa ya daskare ya tashi aiki. Masarar da aka shanya ta moru, ko da kaji za su ci, ba za ka riƙe ta kuma ka karɓi cikakken kuɗinta ba, sai dai bambancin farashinta kafin ruwan da bayansa. Katanga magina biyu adilai su kimanta. Ribar da kake tsammanin samu a kwanakin da shago ke rufe ba ta shiga lissafi, don ba tabbatacciya ba ce.

Ka binciki kanka kuma. In ginin shagon ya hau kan hanyar bututun, ko daga jonin da aka yi ba izini yoyon ya fara, ko bututun da ya fashe naka ne na cikin gida, sakacin ya dawo gare ka.

Riƙe kuɗin ruwa ban ga halascinsa a nan ba. Wanda malamai suka yarje wa ya ɗauki haƙƙinsa da kansa shi ne mai haƙƙi sananne, kuma babu tsoron fitina. Naka ba a ƙayyade shi ba tukuna, ruwan da kake sha kuwa bashi ne tabbatacce.

Ka ɗauki hoton bututun da kayan, ka ajiye rasiɗan saye, mai unguwa ya sa hannu a kan ranar da kuka kai ƙorafi, ka rubuta takardar neman biya, a buga maka hatimin karɓa a kwafinka. Kada ka yi jinkiri. A Najeriya dokar kare jami'an gwamnati ta sa wa'adin wata 3 na shigar da ƙara, hukumomi da yawa kuma sai an ba su sanarwa a rubuce kafin a kai su kotu. Ka ga lauya tun ana cikin zancen sulhu.

Wallahu a'alam.