Zakin MGM da mutumin da bai taɓa aiki a can ba

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗalibi ne mai koyon aikin fim. Tsofaffin finafinan Amurka da yawa suna farawa da zaki yana ruri, ga sunaye uku: Metro, Goldwyn, Mayer. Mun yi musu da abokina, na ce Goldwyn yana cikin masu kamfanin, shi kuwa ya ce ko ƙofarsa bai taɓa shiga da sunan aiki ba. Wa ke da gaskiya? In kuma abokina ne, to me mutumin ya bari da har yau ake ambatonsa? Daga mai karatunku a Gusau.

AMSA: Wa'alaikumus salam. Ɗana, ka je ka ba abokinka haƙuri, shi ya ci musun. Ni ma na daɗe da irin tunaninka, tun muna yara muna kallon zakin nan a silima a Kano.

Samuel Goldwyn Bayahude ne haifaffen Warsaw ta ƙasar Poland, sunansa na yanka Szmuel Gelbfisz. Talauci ya fitar da shi daga gida yana saurayi, ya ratsa ta Ingila inda sunan ya koma Goldfish, ya sauka Amurka ya kama aikin safar hannu a garin Gloversville, har ya zama gwanin tallarta. A 1913 ya shiga harkar fim tare da surukinsa Jesse Lasky da Cecil B. DeMille. Bayan shekara uku aka haɗe kamfaninsu da na Adolph Zukor, ba a jima ba rigima ta fitar da shi. Sai ya haɗa jari da 'yan gidan Selwyn, aka ɗauki Gold daga sunansa, wyn daga nasu, aka sami Goldwyn Pictures. Sunan ya yi masa daɗi, ya je kotu ya mai da shi nasa. Ka ga ke nan mutumin ne ya ci sunan kamfani. Nan ma a 1922 abokan hulɗa suka tura shi waje. Da aka haɗe Goldwyn Pictures da kamfanonin Metro da Mayer aka kafa MGM a 1924, an kwashi sunan da zakin, shi kuwa ya riga ya yi gaba.

Kora biyu ta ishe shi darasi. Daga 1923 ya kafa nasa shi kaɗai, ba abokin tarayya, ba wanda zai ce masa don me.

Sai ka san yadda kasuwar take a lokacin kafin ka gane girman kasadar. Manyan kamfanoni biyar, wato Paramount, MGM, Warner Bros., 20th Century Fox da RKO, su ke yin fim, su ke rarraba shi, kuma su ke da manyan gidajen silima na birane. Mai ƙaramar silima in yana son fim mai jan jama'a, sai an ɗaura masa kwantai: ka ɗauki wannan, amma da wasu da yawa da ko ganinsu ba ka yi ba. Wanda ya san zamanin da furodusan Kano ke kai fim Ƙofar Wambai ya tsaya jiran abin da 'yan kasuwa za su yanke, ya san ɗanɗanon abin. Goldwyn ba shi da silima ko ɗaya, ba shi da kwantan da zai ɗaura wa kowa. Fim biyu ko uku yake yi a shekara, wani lokaci ɗaya, da kuɗinsa da bashin banki, ya ba kamfanin United Artists ya rarraba, daga baya RKO. Kowane fim dole ya sayar da kansa.

Don haka ya zuba kuɗi wajen ɗaukar gwanaye. Darakta William Wyler ya yi masa aiki shekaru, mai ɗaukar hoto Gregg Toland ma yaronsa ne, daga wurinsa darakta Orson Welles ya aro shi. Kada ka ɗauka mutum ne mai sauƙin zama. Shi da Wyler kullum cikin cacar baki suke, har ya taɓa sa a ƙara wa wani fim ƙarshen da daraktan ya ƙi yi. Ya kuma tafka asara kan wata 'yar wasa, Anna Sten, da ya dage sai ta zama tauraruwa, 'yan kallo suka ce ba su san zance ba.

In fim ɗaya za ka nema, nemi The Best Years of Our Lives na 1946, labarin sojoji uku da suka dawo gida bayan Yaƙin Duniya na Biyu. Ɗayansu, Harold Russell, ba ɗan wasa ba ne, soja ne na gaske da nakiya ta cinye masa hannu biyu a wajen horo, yana amfani da ƙugiyoyin ƙarfe. Akwai inda ya kira budurwarsa ɗakinsa da dare, ya kwance ƙugiyoyin ya ajiye, don ta gani da idonta cewa in ya cire su ko ƙofa ba zai iya buɗewa ba. Ba ihu, ba kuka mai yawa. Na kalli wurin nan ya fi sau biyar. Fim ɗin ya ci Oscar bakwai har da ta gwarzon fim, kuma ita ce kaɗai irinta da Goldwyn ya samu.

Amma a ganina babban abin da ya bari ba a allon silima yake ba. A 1941 shi da Walt Disney, Charlie Chaplin, Mary Pickford, David O. Selznick da wasu suka kafa ƙungiyar furodusoshi masu zaman kansu, suka tsaya bayan gwamnati a ƙarar da ta kai manyan kamfanonin. A 1948 Kotun Ƙolin Amurka ta haramta cinikin ɗaure kwantan, hukuncin da ya kai ga raba kamfanonin da gidajen silimarsu. Daga nan tsohon tsarin ya fara zubewa. Abin da ya maye gurbinsa shi ne salon Goldwyn: furodusa ya nemo labari, ya haɗa darakta da 'yan wasa da kuɗi don fim guda, kamfani ya rarraba. Kuma da yake bai sayar da haƙƙin finafinansa ba, da talabijin ta zo nema, wurinsa aka zo da kuɗi.

Fim ɗinsa na ƙarshe ya fito a 1959, Sidney Poitier ne jarumi. Ya mutu a Los Angeles ranar 31 ga Janairu, 1974. Babban zauren kallo na hukumar Oscar da ke Beverly Hills sunansa aka sa masa, jikansa Tony Goldwyn kuma ɗan wasa ne, mai yiwuwa ka taɓa ganinsa ba ka sani ba. Ka gaida min abokin naka, ka tambaye shi inda ya karanto.