Hukuncin Shan Tsimammen Jinsen Don Kare Fata Daga Zafin Rana

TAMBAYA: Malam, yayana da ke aiki a Koriya ta Kudu ya aiko min da tsimammen jinsen, ya ce yana kare fata daga lahanin rana. Da na ji an ce tsima shi ake yi sai na ji tsoro, kada ya zamana giya ce. Ya halatta in sha?

AMSA: Bismillahir Rahmanir Rahim. 'Yar'uwa, Allah ya ƙara miki tsantseni.

Jinsen saiwa ce da ake nomawa a Koriya da Sin, takan shekara 4 zuwa 6 a ƙasa kafin a tono ta. Asalin tsirrai halas ne. Tsimi kuwa shi kaɗai ba ya haramta abu, in ba haka ba da daddawa da nono sun haramta. Abin da shari'a ta hana shi ne maye. Muslim ya ruwaito cewa duk mai sa maye giya ne, ya kuma ruwaito daga Ibn Abbas cewa ana jiƙa wa Annabi (SAW) zabibi ya sha har zuwa yini na uku.

Akasarin wannan tsimi da irin ƙwayoyin halittar da ke sa nono ya yi tsami ake yin sa, domin su narkar da sinadaran saiwar, yadda hanji zai fi saurin tsotsa. Abin da ke fitowa tsami ne, ba barasa ba. Wannan halas ne.

Amma ki juya kwalin ki karanta. Koriyawa suna da giyar jinsen da suke kira insamju, za ki ga saiwar a tsaye cikin kwalba, giya ta rufe ta. Wannan haram ce, ko cokali ɗaya, domin abin da mai yawansa ke sa maye, kaɗan ɗinsa ma haram ne. Na ruwa-ruwa da aka bar barasa a ciki ma ki ƙyale shi. Majalisar Fiƙihu ta Rabiɗa (Ƙungiyar Musulmin Duniya) ta yi rangwame a Makka a 2002 kan maganin da ke da barasa kaɗan, amma da sharaɗin babu madadinsa kuma likita amintacce ya rubuta, kare fata kuwa bai kai nan ba. In kafso ne, ki tabbatar ɓawonsa ba daga jelatin alade aka yi shi ba. Tambarin halas na Tarayyar Musulmin Koriya zai sauƙaƙa miki.

Niyyarki ba laifi: kiyaye fata daban, bilicin daban.

Sai dai kada ki ɗora masa abin da ba zai ɗauka ba. Galibin gwajin da ya nuna yana rage lalacewar kolajin (sinadarin da ke ba fata ƙarfi) a fata a kan ɓeraye da ƙwayoyin fata a ɗakin gwaji aka yi. Ki ci gaba da riƙe lema, ki guji ranar tsaka. In kina da juna biyu, ko kina shan maganin suga ko wafarin mai tsinka jini, ki fara tambayar likita, domin jinsen yakan saukar da suga, yakan kuma dagula aikin wafarin.

Wallahu a'alam.