Katin da na rataye a ƙusa

Kai yaro, ajiye wayar nan tukuna. Wai katin hoto na tsakiya, wato katin da ake ɗaura wa kwamfuta don ya fitar da hoto a allo, wanda bai kai manya tsada ba, ya ci kuɗinsa ga mai wasan kwamfuta? Ya ci mana. Wata shida kana shagon nan, da idonka a buɗe yake da ba ka tambaya ba.

Su wa ke shigo mana a Garwa? Masu gidan wasa da ɗalibai, allonsu na 1080, abin bugawarsu ƙwallo da GTA. RTX 3060 mai ma'adana ta giga 12 ya fito a 2021 kan dala 329, dalar Amurka fa, ba dalarmu ta sefa biyar ba, kuma wat 170 yake sha. RTX 4060 na 2023 dala 299, wat 115 kacal, sai dai giga 8 ne, ni ko giga 12 ɗin na fi so. To RTX 4090 da kuke kallo a YouTube kuna haɗiyar yawu, dala 1,599 ya fito a 2022, wat 450. Ka kai shi ɗakin kwano a watan Afrilu, zafi ya haura 40, ai murhu ka hura. A ɗauke wuta kuma, wace ondila, wato na'urar ajiyar wuta, ce za ta riƙe shi? Duk don allon da ba zai nuna maka bambancin ba.

Ɗaga kai ka dubi wancan da ke ƙusa. Ƙarshen 2021 ne, masu haƙar Ethereum, kuɗin intanet ɗin nan da ake samowa da katunan hoto, sun kwashe katuna a duniya, farashi ya haukace. Da ƙyar na samo 3060 guda biyu ta Duwala, kuɗin da na tara na rufin ɗaki na zuba. Sai ga wani saurayi, farar shadda, turare, Baba sama Baba ƙasa. Bai taya ba, ya ƙirgo kuɗi. Tun nan ya kamata jikina ya ba ni. Na ce kawo injin in ɗaura maka, in duba akwatin wutar, ya ce yana da mai yi masa.

Kwana huɗu, ranar Juma'a, an yi kiran farko, buta na hannuna, ya dawo fuska a marairaice: Baba, allo baƙi. Na jona, fanka ta juya sau ɗaya ta tsaya. Kunya ta kama ni, ni da ba a taɓa cewa na sayar da mataccen kaya ba. Na mayar masa da kuɗinsa cif, har haƙuri na ba shi. Haƙuri! Bayan la'asar na kwance murfin, sai ƙauri ya buge ni. Ƙura ta daskare a tsakanin ƙarafan sanyi, irin wadda sai wata da watanni take taruwa. Na juya baya, lambar jiki daban, ta kwali daban. Ashe yana da irinsa sak, ya ƙona shi da ruɓaɓɓen akwatin wuta na arha, ya zo ya musanya da nawa. Na bi sawu, aka ce ya haura Kusiri. Damina guda ruwa na zuba a kan 'ya'yana saboda wannan ɗan.

Ku yaran yanzu suna kawai kuke karantawa. Ka san GTX 1060 akwai mai giga 3 akwai mai giga 6, kuma ƙaramin har ƙarfinsa an rage? Ba ka sani ba. Tun da aka daina haƙar Ethereum a Satumban 2022, katunan RX 580 na hannu suka cika kasuwa, an wanke su fes, alhali shekaru suka yi suna gudu dare da rana. In aka kawo maka, ka bar shi yana aiki awa biyu da tsakar rana kafin ka yi maganar kuɗi.

Yadda ake ɗaurawa kuwa, kada ma ka tambaye ni. Ɗauko littafin can, ka rubuta lambar kowane kati da ke cikin gilashin nan, mai saye ya sa hannu a gefenta. Ka fara yanzu, kafin azahar.