Tambaya da Amsa: Kwatanta Sakamakon Gwajin XRD na Ma'adanai

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ni ɗaliba ce mai nazarin ilimin duwatsu, ina zaune a Agege. Na ɗebo samfurin laka daga Ikorodu da Epe, kuma na'urar XRD (mai gano ma'adanai ta hanyar haska su da X-ray) ta nuna kawolinait (wani ma'adanin laka) kashi 30 cikin 100 a na Ikorodu, kashi 24 a na Epe. Shin zan iya rubuta cewa lakar Ikorodu ta fi ta Epe wannan ma'adanin?

Amsa: Wa'alaikumus salam, 'yar'uwa. Kada ki rubuta haka tukuna. Alƙaluman nan kiyasi ne, musamman idan an fitar da su ta hanyar RIR (kwatanta ƙarfin alamar kowane ma'adani da na wani ma'adanin ma'auni) wadda masanin kimiyya Chung ya bayyana a 1974, domin ƙwayoyin laka falle-falle suke, kuma idan aka danna garin a cikin faifan gwaji sukan kwanta fuska ɗaya, sai na'urar ta ƙara musu kaso fiye da abin da ke nan. Saboda haka ki niƙa garin ya yi laushi ƙwarai, ki sake cika faifan aƙalla sau 3 ga kowane samfuri, sannan ki duba tazarar da ke tsakanin sakamakon samfuri guda. Idan ta kusa kashi 6, wato tazarar da ke tsakanin 30 da 24, bambancinki bai tabbata ba.

Abin da ya fi damuna shi ne matsala ta biyu. Kason ma'adanai duka dole ya haɗu ya zama 100, don haka ɗaya ba ya hawa sai wani ya sauka. Ki ɗauka a kasuwar Mile 12 an haɗa mudu 6 na shinkafa da mudu 4 na wake, wake kashi 40 ke nan. A ƙara mudu 10 na shinkafa, wake ya koma kashi 20, alhali ko ƙwaya ɗaya ba a cire ba. Wataƙila lakar Epe yashi ne kawai ya yi mata yawa. Masanin ƙididdiga John Aitchison ya kawo mafita a 1982: ki raba kason kawolinait da na kwatz (ma'adanin da ya fi yawa a yashi), ki ɗauki logaridim ɗin amsar, sannan ki yi gwajin t (gwajin ƙididdiga na kwatanta matsakaicin rukuni biyu) a kan waɗannan alƙaluman, tare da samfura da dama daga kowane wuri.

Idan da hali, ki gauraya korandam (ma'adanin da ake amfani da shi a matsayin ma'auni) kashi 20 a garin kafin gwaji, ki nemi a tace sakamakon ta hanyar Rietveld (daidaita lissafin kwamfuta da dukkan zanen da na'urar ta fitar), domin hakan zai nuna miki yawan ɓangaren da ba shi da tsarin kiristal, wato wanda ƙwayoyin zarrarsa ba su jeru bisa tsari ba.