Wendell Scott: nasara ɗaya a tsere 495, me ya sa ake girmama shi?

Wa'alaikumus salam, ɗan'uwa. Ka ce ka ga an sa Wendell Scott, direban tseren motoci na Amurka, cikin zauren karrama gwarazan NASCAR, alhali a tsere 495 da ya shiga sau ɗaya tak ya zo na ɗaya, kana son sanin ko cancanta ce ko kuwa don baƙar fata ne kawai aka ba shi. Na ga wasu sun ce maka tausayi ne. Ni ban yarda ba. Bakanike ne ni, aikin inji nake yi tun ina yaro, kuma na daɗe ina bin wannan tsere, har da tsofaffin hotunansa da ake ɗorawa a YouTube. Da idon mai gareji zan ba ka amsa.

Ga waɗanda ba su san harkar ba, NASCAR tseren motoci ne na Amurka da ya fi ƙarfi a jihohin kudu. Ana yin sa da motoci masu siffar waɗanda ake sayarwa a kasuwa, irin su Ford da Chevrolet, a da har da Plymouth, a zagaya fili sau ɗaruruwa. Bill France ne ya kafa hukumar NASCAR a 1948.

An haifi Scott a 1921 a garin Danville na jihar Bajiniya. Ya yi tuƙin tasi, ya yi aikin kanikanci a sojan Amurka lokacin yaƙin duniya na biyu, a rundunar da aka ware wa baƙaƙen fata. Da ya dawo ya buɗe gareji, da dare kuma yana fasa-ƙwaurin barasar da ake dafawa a ɓoye, kamar yadda da yawa daga cikin direbobin farko na wannan tsere suka yi. An kama shi a 1949. Ba yabon wannan sana'a nake yi ba, amma a can ya koyi gudu da mota a kan hanyar burji cikin duhu. Ya shiga tseren ƙananan filaye a farkon shekarun 1950, ya ci da yawa, har ya zama zakaran jiharsa a ƙaramin ajin da ake kira Sportsman a 1959. To ka ga a inda motoci suke kusan ƙarfi ɗaya, mutumin yana cin tsere. Sai a 1961 ya hau babban aji, wanda ake kira Grand National a lokacin, yana da shekara 39.

A babban ajin nan kuɗi ne ke magana. Kamfanonin motoci suna tsaye bayan manyan ƙungiyoyi: Ford na bayan Holman-Moody, Plymouth na bayan gidan Petty. Sabon inji, sababbin tayoyi, ma'aikata da albashi. Scott ba kamfani a bayansa. Tsohuwar motar da wani direba ya gama da ita yake saya, ya gyara ta a garejinsa da hannunsa, ya ja ta zuwa fili, ya tuƙa ta. 'Ya'yansa maza ne masu canza masa taya da zuba mai, wani lokacin ma shi da kansa yake fitowa daga mota ya kama jak.

Nan ne nake son ka tsaya ka saurare ni, don wannan na san shi da hannuna. Idan mai mota ba shi da kuɗin sababbin kaya ya ce in haɗa masa inji da na gwanjo, ga yadda abin yake. Ka baza fistan na matattun injuna biyu a kan buhu, ka wanke su da fetur, ka riƙa ɗagawa ɗaya bayan ɗaya kana duban wanda bai ci ba. Ka sa farce cikin silinda ka ja, in farcen ya maƙale a wani zane ka san nan zai riƙa shan baƙin mai. Ka haɗa, ka ɗaure, ka tayar, ka tsaya kana saurare. Injin zai yi aiki, amma kai da ka haɗa shi ka san iyakarsa. Shi ya sa nake ce wa direba kada ya take totur har ƙasa, idonsa kuma ya kasance a kan allurar zafi, don in gasket ya ƙone mun koma farko. Direban da bai ga cikin injin ba yakan manta da wannan magana kafin ya fita gari. Wanda ya haɗa da hannunsa ba ya mantawa.

To Scott shi ne bakaniken, shi ne direban, shi ne kuma mai biyan kuɗin kaya. A wancan zamani ana yin tsere kusan 50 a shekara, a 1964 ma har 62 aka yi. Direban kamfani in injinsa ya fashe yau, gobe an ɗora masa sabo, saboda haka yana iya matsa mota iya ƙarfinta. Scott in nasa ya fashe, tseren mako mai zuwa ya wuce shi, abincin gidansa ma ya shiga wani hali. Dole ya yi tuƙin da zai kai mota ƙarshe, ya karɓi ɗan abin da aka ba na takwas ko na tara, ya sayi kayan gyara da shi. Don haka lambar da ya kamata ka duba ita ce 147, wato sau nawa ya gama cikin goman farko. Sau 20 yana cikin biyar na farko. A jadawalin maki na shekara ya zo na 6 a 1966, kuma bai fita daga goman farko ba har 1969. Wallahi duk wanda ya taɓa lallaɓa tsohon inji ya san nauyin wannan.

Gaskiya ɗaya ce, ba shi kaɗai ne talaka a filin ba. Akwai fararen fata masu cin gashin kansu, irin su James Hylton da ya zo na 2 a 1966 ba tare da ya ci tsere ko ɗaya a shekarar ba, kuma tsarin makin yana taimakon mai yawan shiga da gamawa. Amma Hylton in ya gaji a hanya zai tsaya ya ci abinci a duk inda ya ga dama. Scott da iyalinsa suna ratsa kudancin Amurka ne a lokacin dokokin wariya, inda gidajen abinci da masaukai da yawa ba sa karɓar baƙi. Filin Darlington, ɗaya daga cikin manya, ya yi shekaru yana ƙin karɓar sunansa. Akwai direbobin da suka riƙa buge shi da gangan, akwai kuma waɗanda suka taimake shi, musamman Ned Jarrett.

Ita kanta nasarar tasa ɗaya ka ji yadda ta kasance. Ranar 1 ga Disamba 1963 ne, a Jacksonville ta jihar Filorida, filin ƙasa mai tsawon rabin mil, zagaye 200. Filin ya farfashe da ramuka, motoci na ta lalacewa. Richard Petty na gaba, motarsa ta samu matsala, Scott ya wuce shi saura zagaye 25, a cikin Chevrolet ɗin da ya saya hannun Jarrett. Irin ranar da ta dace da shi ke nan, ranar da juriyar mota ta fi gudunta amfani. Amma da ya gama ba a kaɗa masa tutar nasara ba. Wani direba, Buck Baker, aka ba, shi ya karɓi kofi. Scott ya yi ƙorafi, aka koma takardun ƙirga, aka tarar ya yi zagaye 202, wato ya fi Baker da zagaye biyu. Sai bayan sa'o'i, jama'a sun watse, aka amsa cewa shi ya ci. Da hannu ake ƙirga a lokacin kuma ana yin kuskure, wannan haka ne. Shi dai Scott ya tafi a kan cewa ba a so ne a ga baƙin mutum tsaye kusa da farar sarauniyar kyau a gaban 'yan kallo, ni ma abin da na fi gaskatawa ke nan. An ba shi kuɗin, kofin kuwa bai taɓa riƙe shi ba.

A 1973 ya yi abin da ya daɗe yana gudu, ya ci bashi mai nauyi ya sayi Mercury mai ƙarfi don ya gwada kansa da manya. A filin Talladega, inda motoci 60 suka tashi a ranar, injin wani ya fashe tun farkon tsere ya malalar da mai a hanya, motoci kusan 20 suka afka wa juna. Motar Scott ta tashi aiki, shi kuma ya samu karaya da munanan raunuka. Ya sake yin tsere ɗaya a Charlotte a ƙarshen shekarar, daga nan ya koma garejinsa a Danville, ya yi shekaru yana biyan bashin motar. Ciwon daji ya yi ajalinsa a Disambar 1990.

Kan batun launin fata da ka tambaya, e, yana cikin dalilan karrama shi a 2015, kuma ban ga aibi a nan ba, tunda launin ne ya hana shi kamfani da fili da kofi tun farko. Bayan nasararsa sai da aka yi kusan shekara 58 kafin wani baƙar fata ya sake cin tsere a babban aji, wato Bubba Wallace a Talladega a Oktoban 2021, shi kuma a motar Toyota ta ƙungiyar da Michael Jordan, tsohon ɗan wasan ƙwallon kwando, ke cikin masu ita. A watan Agustan 2021 ne NASCAR ta miƙa wa iyalan Scott kofin tseren Jacksonville a filin Daytona.