Pano haske yake so, ba zafi ba

Sani ɗana, jiya muna kan rufin gidan nan na Birni ka tambaye ni me ya sa pano, wato farantin da ke mai da hasken rana lantarki, mai wat 300 bai ba mu 300 ba, alhali ga rana ta take, har ka fara zargin jabu aka sayar mana. Panon nan lafiyarsa lau.

Lambar da ka gani a bayansa a ɗakin gwaji aka auna ta, da haske mai ƙarfin wat 1000 a kan kowace murabba'in mita, jikin panon kuma yana digiri 25. To gaya mini, yaushe ka taɓa taɓa pano a Damagaram da azahar a watan Afrilu ka ji shi haka? Iska kanta ta haura 40, shi kuwa gilashin da ke shan rana yakan kai 65, hannu ba ya iya daɗewa a kansa. Masu bincike sun daɗe da auna wannan: a panon silikon, duk digiri ɗaya da ya ƙaru a kan 25 yana cin wajen kashi 0.4 cikin ɗari na ƙarfinsa, domin bolt, wato ƙarfin da ke tura lantarkin, ne ke sauka. Yi lissafin da kanka. Digiri 40 sun hau, kashi 16 sun tafi, 300 ta dawo wajen 250, tun ba mu sa ƙura da asarar wuta a waya a ciki ba.

Shi ya sa raina yake ɓaci in na ga an kwantar da pano ɗamfare da kwano. Kwano na gasa shi ta ƙasa, rana ta sama, sannan mai gida ya ce batir ba ya cika. Ka ɗaga shi a kan ƙarfe, ka bar aƙalla faɗin tafin hannu iska ta ratsa. Ka fuskantar da shi kudu da ɗan jingina kamar digiri 15, daidai da inda garinmu yake, ruwan damina ma ya samu gangara. In za ka wanke ƙurar hunturu, da sassafe, kada ka watsa ruwan sanyi a gilashin da ya yi zafi.

Kuma kada ka ɗauka ilimin nan na Turawa ne kaɗai. Abdu Mumuni, wanda jami'ar Yamai ke ɗauke da sunansa, haifaffen Tasawa ne, nan kan hanyar Maraɗi, kuma shekaru ya yi yana binciken ƙarfin rana a ƙasar nan. Ina tuna shi duk lokacin da na hau rufi.

Gobe ka zo da mitar auna wuta tun ƙarfe takwas. Ka cire waya ka auna bolt ɗin panon, ka rubuta, ka sake aunawa da ƙarfe ɗaya, ka kawo mini lambobin biyu.