Amsa: Ƙanena ba ya rabuwa da ruwa, dare da rana

'Yar'uwa, Allah ya ba shi lafiya. Kin ce ƙanenki yana shan ruwa ba iyaka, yana tashi fitsari sau da yawa cikin dare, kina tambaya ko zafin Damagaram ne. Zafin Afrilu da Mayu yana sa ƙishirwa, amma mai gumi fitsarinsa raguwa yake yi, ya yi ja. Naku kuwa ƙaruwa yake.

Abu na farko a gwada suga. Da safe kafin ya ci komi, in sugan ya kai giram 1,26 a litar jini ko ya wuce, aka sake gwaji ya maimaita, ciwon suga ne. Rama da kasala sukan biyo shi.

In suga lafiya lau, akwai wata cuta da ƙoda ba ta iya riƙe ruwa, saboda ƙarancin sinadarin vasopressin da ƙwaƙwalwa ke saki. Fitsari fari fes, fiye da lita 3 a yini. Irin wannan kada a kuskura a hana shi ruwa, jiki zai bushe da sauri.

Akwai kuma wanda lalurar ƙwaƙwalwa ko bushewar baki daga magani ke sa ya yi ta ɗirka. Ni wannan na fi tsoro, don mutane sun ɗauka ruwa ba ya illa. Gishirin jini yakan sauka, sai ciwon kai, amai, ruɗewa, har farfaɗiya. In kun ga haka, ku wuce babban asibitin Zinder nan take.

Kafin ku ga likita, ku auna da gora abin da yake sha da fitsarin yini guda, ku tafi da duk magungunan da yake sha.